Yadda Ake Haɗa Allon Jelatin a Gida a Buga Zane da Shi

Reshen dogon yaro guda ɗaya, da fentin da bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, da farar takarda irin ta fotokwafi. Da waɗannan na fitar da zanen da ke rataye a falonmu a Tudun Wada, wanda har yau baƙi ke tambayata a wane shago aka buga mini shi. Babu injin da ya taɓa takardar nan. A kan wani lallausan allo na jelatin na buga ta, allon da na dafa da hannuna a kan risho.

Wanda bai taɓa ganin irin allon ba, ya tuna farfesun ƙafar saniya da ya kwana a lokacin sanyi, yadda romon ke daskarewa yana rawa idan an taɓa kwanon. Abin da ke daskarar da romon nan shi ne jelatin, wanda ke fita daga fata da ƙashi da jijiya idan sun daɗe a wuta. Masana'antu suna tace shi, su busar, su niƙa ya zama gari. Idan ka jiƙa garin ka narkar ka zuba a tire, sai ya kama jikinsa ya zama allo sumul mai laushi. Allon ba ya shan fenti, riƙe shi kawai yake yi na ɗan lokaci, da zarar takarda ta hau sai ya sakar mata. Laushinsa kuma shi ne ke tsaya maka a madadin injin matsa takarda: ka ɗora ganye ka danna, allon zai lotsa ya bi kowace jijiya ta ganyen, har wadda ido ba ya gani sai an ƙura. Kowane bugu shi kaɗai ne, ba za ka sami biyu iri ɗaya sak ba ko ka so.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 19 ake amfani da tiren jelatin wajen kwafe wasiƙu da takardun ofis kafin zuwan injinan kwafi. A yanzu akwai allunan da kamfanoni ke yi da wata irin roba mai laushi, irin na Gelli Arts na Amurka, suna da ƙarko kuma zafi bai dame su ba, amma sai an yi odarsu daga nesa, kuɗinsu kuma ya isa ya sayi fentin wata da watanni. Na gida yana yin aikin.

Mu a Zariya buga zane ba baƙon abu ba ne. A nan Bruce Onobrakpeya ya yi karatu, mutumin da duniya ta sani da wannan fanni, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar da ta zo daga waje, a zuba mata abin gida. Allon jelatin ma haka yake so. Yawancin bayanan da za ka gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, ba su san zafin Afrilu a ɗakin kwano ba, ba su san yadda hunturu ke busar da fenti kafin ka ɗauko takarda ba. Abin da zan faɗa a nan na gwada shi a yanayinmu.

Kayan haɗin allo

Abu uku ne: garin jelatin, da gilisarin, da ruwa.

Jelatin ana samunsa wajen masu sayar da kayan haɗa kek, a Sabon Gari ko Samaru. Ka nemi gari zalla marar launi marar ƙamshi. Wanda aka haɗa da sukari da ɗanɗanon lemo don yara su sha ba ya yi, allon zai yi danƙo ya kira kiyashi. Sai maganar da ba za mu tsallake ba: kaso mai yawa na jelatin da ake yi a duniya daga fatar alade ake samo shi. Akwai na shanu, akwai na kifi, kuma akan rubuta a jikin leda ko gwangwani, wani ma da tambarin halal. Matsalar ita ce masu shago sukan sayo babban buhu su ƙuƙƙulla a ƙananan ledoji babu rubutu. Ni nakan ce, "Hajiya, don Allah a nuna mini ainihin ledar da ya zo a ciki," kuma ban taɓa ganin wadda ta ji haushin tambayar ba. Ba ci za ka yi ba, gaskiya ne, amma hannunka zai wuni a kansa, sannan ka tashi ka yi alwala. Ka sayi wanda ranka ya kwanta da shi.

Gilisarin kuwa kowane kemis yana da shi, musamman da hunturu da ake haɗa shi da man shafawa. Ka sayi zalla, mai kauri, fari tas kamar ruwa, ban da wanda aka sirka da turare. Aikinsa shi ne riƙe danshi. Allon da aka yi da ruwa kaɗai kwana kaɗan yake yi, dole ya zauna a firiji, daga nan ya bushe ta gefe ya tsattsage ko ya yi fumfuna. Mai gilisarin yana yin watanni a kan tebur. Da yadda wuta take a garin nan, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗora aikinsa a kan firiji ba.

Ga awon da nake yi don tire mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, wato ya ɗan fi takardar A4:

Jelatin giram 60, kimanin cokalin cin abinci bakwai a shafe.
Gilisarin mililita 350.
Ruwa mililita 350, a raba shi: 150 mai sanyi, 200 tafasasshe.

Wannan zai ba ka allo mai kauri kusan santimita ɗaya. Turawa sukan tsaya a wajen giram 50, ni na ƙara ne saboda zafi, da bazara ma nakan kai 70. In ba ka da kofin awo, ka riƙe ƙa'idar kawai: ruwa da gilisarin daidai wa daida, kowane kofin shayi na haɗinsu kuma ya sami jelatin cokali biyu da ɗan ɗori.

Tiren ya zama mai santsin ciki, domin duk wani zane ko ƙarzuwa da ke gindinsa zai fito a jikin allon, daga nan ya riƙa fitowa a kowane bugu. Tiren gasa kek sabo ko kwanon gilashi mai kusurwa huɗu sun fi. Farantin silba mai furanni a ciki ka bar wa masu kicin.

Dafawa

Kafin ka kunna wuta, ka zaɓi inda tiren zai zauna, domin in ka zuba ba ɗagawa. Zuba ruwa kaɗan a ciki ka duba: in ya gangara gefe ɗaya, cusa kwali a ƙarƙashin wancan gefen har ruwan ya kwanta daidai. Zubar da ruwan, goge tiren ya bushe. Allon da gefe ɗaya ya fi kauri rola, wato abin da ake mirginawa a shafa fenti da shi, ba ta bin sa daidai.

A cikin kwano mai zurfi, haɗa ruwan sanyin nan da rabin gilisarin ka juya. Sai ka riƙa barbaɗa garin jelatin a kai kaɗan-kaɗan kamar mai barbaɗa kuka a miya, kana juyawa a hankali. In ka juye shi gaba ɗaya zai yi gudaji, cikin gudajin kuma ya zauna a bushe. Bar shi minti goma. Zai kumbura ya yi kauri kamar garin kwaki da ya sha ruwa. Wannan jiran shi ne ke sa ya narke lafiya daga baya, kada ka yi masa gaggawa.

Tafasa ɗaya ruwan, sauke, zuba a kan haɗin, ka juya da cokali sannu a hankali. Kada ka kaɗa kamar mai kaɗa ƙwai, iska za ka cusa masa. In ka ga sauran gudaji, ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi kamar yadda ake narkar da man kaɗanya, ka ci gaba da juyawa har ya zama ruwa garai-garai mai launin zuma. Kada kwanon ya hau wuta kai tsaye, kada kuma haɗin ya tafasa. Tafasa tana rage wa jelatin ƙarfin kamawa, in ya kama gindi kuma warin ƙonanniyar fata zai cika gida.

Zuba sauran gilisarin, juya, sannan ka tsiyaya a tire ta cikin rariya, bakin kwanon yana kusa da tiren don kada ya yi kumfa. Duk da haka za ka ga ƙananan kumfa a sama. Yanki takarda mai faɗin tiren, ka ɗora bakinta a kan ruwan ka ja daga wannan gefe zuwa wancan, za ta kwashe su. Sau biyu ko uku ya isa. Ka yi wannan da wuri tun bai fara kamawa ba.

Kife babban tire ko faifai a kai ba tare da ya taɓa ruwan ba, saboda ƙura da ƙuda. Bayan awa ɗaya ko biyu zai kama. In akwai wuta, sa shi a firiji awa uku zuwa huɗu, ban da wajen ƙanƙara. In babu, bar shi ya kwana a kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa. Da hunturu ba ka ma buƙatar firiji. Shi ya sa nake ba wanda zai fara shawara ya dafa allonsa na farko tsakanin Nuwamba da Janairu, da yamma, ya tashi da safe ya tarar da shi ya yi.

Wajen cirewa kada ka sa wuƙa. Danna yatsa a bakin allon ka ja shi ciki kaɗan, ka bi gefen duka haka har iska ta shiga ƙarƙashi, sai ka ɗago shi da hannu biyu ka shimfiɗa a kan gilashi ko babban tayil mai santsi. A ranar farko zai yi ɗan gumi. Ɗora takardar banza ka shafa ka cire sau biyu.

Zafi da hunturu

Jelatin yana fara sakin jiki a wajen digiri 35, kusan zafin jikin mutum. Zariya kuwa a Maris da Afrilu tana haura haka da rana tsaka. Allona na farko a Afrilu na yi shi, na bar shi a kan tebur kusa da taga na tafi Juma'a, na dawo na tarar ya narke ya bi ƙafar tebur. Tun daga ranar, da bazara ba na aiki sai bayan sallar asuba zuwa hantsi, ina gamawa in mayar da allon cikin tirensa, don ko ya saki jiki ya sake kamawa a siffarsa. Ko tafin hannunka in ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin shaida a kansa a irin wannan lokaci.

Akwai masu yin allon da garin agar, wanda ake samu daga ciyawar teku. Shi sai wajen digiri 85 yake narkewa, ba ruwansa da zafinmu, kuma babu maganar dabba a cikinsa. Aibinsa saurin tsagewa, ba shi da juriyar lanƙwasa irin ta jelatin.

Hunturu kuma allon yake so, fenti yake ƙi. Siririn shafen fentin akirilik, wato fentin zane da ake wankewa da ruwa tun yana ɗanye, yana iya bushewa cikin ƙasa da minti ɗaya idan iskar nan ta buɗe. Don haka kafin ka buɗe fenti, takardunka su kasance a yanke a jere a hannun dama, ganyenka a zaɓe a hannun hagu. Kashe fanka, rufe taga. Ɗigo ɗaya na gilisarin a cikin fentin yana jinkirta bushewa. Ɗigo ɗaya na ce, in ka zarce zanen zai kwana uku yana danƙo. Da damina abin juyawa yake yi: gilisarin yana jan danshin iska, allon ya riƙa gumi, fenti ya riƙa tattarewa ɗigo-ɗigo. Maganinsa ka tsane allon da takarda kafin kowane zama.

Fenti, rola, takarda

Fentin akirilik na cikin tub shi ne na yau da kullum, ana samunsa a shagunan kayan zane na wajen Samaru. Launi biyar sun ishe ka farawa: fari, baƙi, ja, rawaya, shuɗi. Kada ka sirka shi da ruwa, allon ba ya riƙe fenti mai ruwa. Fentin mai irin na ƙofa da taga kada ya kusanci allon, domin sai da kananzir ko fetur yake fita.

Rola ita ce abu ɗaya da nake cewa a kashe wa kuɗi. Ta roba mai santsi ake nema, mai faɗin kamar santimita 10. In ba ta samu ba, ƙaramar rolar soso ta masu fentin gida za ta yi maleji, sai dai tana shan fenti kuma tana barin ɗan gurji-gurji a zanen.

Takardar fotokwafi ta isa koyo, kuma za ka ci da yawa, ka tanadi akalla talatin a zama ɗaya. Kwalin zane na 'yan makaranta yana yin kyau don katin gaisuwa. Wadda na fi so ita ce takardar buhun siminti ta ciki, a kakkaɓe a goge ta da dutsen guga: farin fenti da shuɗi mai duhu a kan launin ƙasarta suna tuna mini bangon tsofaffin gidajen cikin birni. Takarda mai sheƙi ta wanke hoto ita ce abar gudu, tana manne wa allo ta ɓantaro fuskarsa.

Bugun farko

Matsa fenti kamar ƙwayar gyaɗa biyu a kan allon. Kusan duk mai farawa yana zuba ninki uku na abin da ake buƙata, kuma yawancin zanen da ya lalace daga nan ya lalace. Mirgina rola sama da ƙasa, sannan hagu da dama, kana ɗaga ta a ƙarshen kowane layi don ta juya. Nauyin rolar ya isa, kada ka danna. Ka saurara da kunnenka: in kana jin ƙara siririya kamar ana yayyafi a kan kwano, daidai ne. In kana jin caɓal-caɓal, ko rolar tana zamewa ba ta juyawa, fenti ya yi yawa, mirgina ta a kan takardar banza ka rage. Shafen da ake so shi ne wanda ya rufe ko'ina amma kana kusan hango allon ta cikinsa.

Ɗora takarda, shafa bayanta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, har kusurwoyi. Kama kusurwa ɗaya ka ɗaga a hankali. Ka sami shafaffen launi. Yi irin wannan guda biyar ko shida da launuka masu haske, rawaya da ruwan ƙasa da shuɗi mai haske, ka jera su bushe. Su ne za su zama shimfiɗar da za ka yi ta bugu a kai.

Ganye, inda daɗin aikin yake

Tsakar gidanka cike take da kayan aiki. Dogon yaro yana ba da baki mai zarto-zarto. Zogale yana fitowa kamar leshi. Ganyen gwaiba ya fi kowanne fitar da jijiya. Na tsamiya ƙanana ne a jere, suna yin kyau a gefen kati. Ganyen gwanda da na rogo suna cika takarda su kaɗai. Na mangwaro yana da tauri da santsi, siffarsa kawai yake bayarwa. Ka tsinko su ɗanyu, ka danne su a cikin tsohon littafi na awa ɗaya su miƙe. Busasshen ganye yana farfashewa ya manne a fenti. In karan tsakiya ya yi kauri, fere shi da reza ta baya don kada ya huda allon. Duk abin da ke da ƙaya, irin bagaruwa, a bar shi a bishiya.

Shafa fenti mai duhu. Jera ganyen a kai, bayansu, wato gefen da jijiyoyi suka fi tasowa, yana kallon allo. Ɗora ɗaya daga takardun nan masu shimfiɗar rawaya, ka shafa sosai, kana bin gefen kowane ganye da yatsa don takardar ta taɓa fentin da ke lungu. Ɗaga. Za ka ga duhu ya zagaye ko'ina, siffar ganyen kuma ta fito rawaya fes. Wannan bugu na ɗaya ke nan, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa su goge allo. Kada ka goge.

Ɗaga ganyen a hankali da farce. A ƙarƙashinsu akwai fentin da takarda ba ta taɓa ba, kuma jijiyoyin ganyen sun zana kansu a ciki. Yi maza ka ɗora sabuwar farar takarda ka shafa ka ɗaga. Wannan nake kira bugun inuwa, kuma sau da yawa ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba: ganyen ne da kansa, da kowane layi nasa, a kan fili mai hazo-hazo. Ganyen da ka cire ma akwai fenti a jikinsa, kife shi a kan wata takarda ka danna, ka sami na uku.

Ga kuma dabarar da ta mayar mini da hunturu aboki. Bayan ka cire ganyen, maimakon ka yi sauri, bar fentin ya bushe ƙarau a kan allon. Taɓa da bayan yatsa ka tabbatar ba ya kamawa. Sai ka shafa siririn fenti mai haske a kansa, fari ko ruwan madara, da sauri ba tare da ka yi ta maimaita rola ba. Ɗora takarda, shafa sosai, ɗora littafi a kai, ka jira minti uku zuwa biyar. Sabon fentin zai zama kamar gam, ya kama busasshen da ke ƙasa ya haɗa shi da takarda. Ɗaga kusurwa ka leƙa: in ka ga fenti ya rage a allo, mayar ka ƙara jira. In lokaci ya yi, komai zai taso tare, allon ya fito wanke tas, zanen kuma ya fi kowane iri kaifi. Har guntayen tsofaffin launuka da suka maƙale a gefen allo sukan biyo, su ba zanen kamannin tsohon bango. Zanen falonmu da wannan hanyar na yi shi.

Zanen gida da rubutu

Bayan ganye, duk abin da ke da saƙa ko ƙwarya-ƙwarya a jikinsa yana bugawa: ragar buhun albasa, guntun leshi, gidan sauro da ya yage, faifai, tabarmar kaba, cikin kwali mai layi-layi, marfin kwalba don da'ira. Danna shi a kan fentin ka ɗaga, sannan ka ɗora takarda. Kana iya yin zane kai tsaye a cikin ɗanyen fenti da auduga ta goge kunne ko yatsa. Biro, ƙusa, tsinken sakace da mataji duk suna yanka allon, yankan kuma ba ya warkewa sai an narkar.

Don siffofi irin Dagin Arewa, ko aska takwas ta gaban babbar riga, ko zanen da magina ke yi a saman ƙofar zaure, zana su a kan kwalin tsohuwar kalanda ka yanke da reza. Abin da ka yanko da ramin da ya bari duk suna aiki, ɗaya yana tare fenti, ɗaya yana barin sa ya wuce. In kana son wanda zai daɗe, yi da farar robar nan da masu fotokwafi ke sa wa a bangon takardu, sai ka shafe kaifin bakinta.

In za ka buga launi biyu ko uku a takarda ɗaya kuma kana son su hau daidai, manne gefe ɗaya na takardar a tebur da salatif ya zama kamar ƙyauren ƙofa. Ka buga, ka buɗe, ka canza launi, ka sake rufewa, za ta koma inda take. Fara da mai haske ka ƙare da mai duhu, kuma ka bar kowanne ya bushe. Ja da kore in suka haɗu a ɗanye laka suke zama, haka shuɗi da ruwan lemo.

Rubutu yana fitowa a juye kamar a madubi, na boko ne ko na ajami. In za ka yi katin "Barka da Sallah", yanke haruffan ka kife su a allon, kana jera su ta baya, sannan ka gwada a takardar banza. Ni dai ba na sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a wannan aiki. Kowane bugu mai kyau yana barin takardun gwaji uku ko huɗu da za su ƙare a shara, inuwar rubutun kuma tana zama a allo da rola.

Ana iya ɗauko hoto daga fotokwafi ma. A sami hoton baƙi da fari wanda baƙinsa ya yi baƙi sosai. Shafa siririn fenti mai duhu, kife hoton, shafa sama-sama na 'yan daƙiƙoƙi, ɗaga. Farin takardar zai shanye fenti, inda tawadar injin take kuma fentin ya zauna a allo. Bar shi ya bushe, ka ɗauke shi da farin fenti kamar yadda na bayyana. Yana ƙi sau da yawa kafin ya yi, ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Gogewa da ajiya

Tsakanin bugu da bugu ba sai ka wanke ba, takardar banza ta isa. In ka gama, goge allon da tsumma mai laushi da ka jiƙa da ruwan sanyi ka matse. Ruwan ɗumi narkar da fuskarsa zai yi. Busasshen fentin da ya ƙi fita, manna masa faffaɗan salatif ka ɗaga. Rola kuwa ka wanke ta nan take, akirilik in ya bushe a jikinta sai ɓamɓara.

Ajiye allon a kwance a cikin tirensa, robar bangon takarda a sama, ka shafe iskar da ke tsakani don kada ta bar tabo, sannan ka rufe. Kada ka bar takarda ko ganye a kansa ya kwana, kada ka ɗora masa kaya. Gilisarin yana da zaƙi, kiyashi suna son sa, ɓera kuma yana cin jelatin. Yara ma haka. Ranar da 'yar yayata ta fara ganin sa sai da ta miƙa hannu tana cewa, "Kawu, alewa ce? Ɗan sam mini." Na zaunar da ita na nuna mata abin da ake yi da shi, yanzu ita ke tsinko mini zogale, amma allon a saman kabad yake kwana. Kwano da tiren da ka yi aikin da su kuma kada su koma kicin.

Bayan wata biyu ko uku za ka ga ya ɗan tsuke, ko farce ya yanke shi, ko fuskarsa ta yi tabo. Yayyanka shi ƙanana a kwano, zuba ruwa cokali biyu ko uku a madadin wanda ya bushe, ɗora kwanon a tukunyar ruwan zafi har ya narke. Tace shi da guntun tsohon gyale don ya tare ɓurɓushin fenti, zuba a tire, kwashe kumfa, rufe. In fumfuna ce ta kama shi, wannan zubarwa za ka yi ka dafa sabo. Wanda nake aiki da shi yanzu sau huɗu ina narkar da shi. Launinsa ya koma kamar ruwan kududdufi saboda fentin da ya gauraye da shi a narkarwa, amma ba ya ba takarda ko ɗigo na wannan launin, in zafi ya matso kuma nakan jiƙa cokali ɗaya na sabon gari in ƙara masa a narkarwar.